Hukuncin Sufurin Jiragen Sama Masu Araha

 

Darasin wannan mako ya shafi wani ciniki ne da ya yawaita a hannun matafiya, musamman masu zuwa Umra da ɗalibai da 'yan kasuwa masu bi ta Dubai da Jidda da biranen Turai, watau sayen tikitin kamfanonin jiragen sama waɗanda ake kira masu araha. Kukan da ake yi da su iri ɗaya ne ko'ina. Mutum ya ga kuɗin tikiti kaɗan a talla ya yi murna, amma kafin ya sa ƙafa cikin jirgi sai ya tarar ya biya kuɗin akwati, da kuɗin jakar hannu, da kuɗin kujera, har jimlar ta kusa kuɗin babban kamfanin da ya gudar wa, ko ma ta wuce. In ya makara da minti biyar kuɗinsa sun tafi, in kuwa jirgi ne ya makara da awa biyar sai a ba shi haƙuri. To wanne daga cikin waɗannan shari'a ta yarda da shi, wanne ne kuma cin dukiyar mutane da ɓarna?

Malaman fiƙihu ba su yanke hukunci a kan abu sai sun san surarsa, saboda haka ya kamata a fara da sanin yadda wannan sana'a take. Asalinta daga Amurka ne. Kamfanin Southwest ya fara tashi a 1971 tsakanin birane uku na jihar Tekzas, sa'an nan a 1978 gwamnatin ƙasar ta janye hannunta daga ƙayyade kuɗin tikiti, kowa ya sa farashin da ya ga dama. A Ingila wani ɗan kasuwa mai suna Freddie Laker ya buɗe hanya mai araha daga Landan zuwa Niyok a 1977, amma kamfaninsa ya karye a 1982. Bayansa Ryanair ya fara a 1985, easyJet a 1995. Ƙasashen Larabawa suka bi sahu, Air Arabia a Sharja a 2003, flynas a Saudiyya a 2007, flydubai a 2009. Shi flynas ɗin ma yana cikin kamfanonin da suka yi jigilar alhazan Nijeriya a shekarun nan.

Dabararsu ba ɓoyayya ba ce. Suna sayen jirage iri ɗaya don gyara da horon matuƙa su yi sauƙi, suna matsa kujeru don a ƙara yawan fasinja, ba su barin jirgi ya daɗe a ƙasa, ba su ba da abinci kyauta, sau da yawa kuma suna sauka a ƙananan filaye masu nisa da gari inda haraji bai da yawa. Da wannan talakawa masu yawa suka hau jirgi, waɗanda da ba su ko mafarkinsa. Wannan alheri ne, kuma adalci ya sa a faɗe shi.

Abin ya fara sauyawa ne sa'ad da aka rarraba tikiti gunduwa-gunduwa. Ryanair ya fara karɓar kuɗin akwati a 2006. A 2008, shekarar da gangar ɗanyen mai ta kai dala 147, manyan kamfanonin Amurka su ma suka kwaikwaya, American Airlines ya sa dala 15 a kan akwati na farko. A 2010 kamfanin Spirit ya fara karɓar kuɗi har a kan jakar da fasinja zai ɗora a saman kujerarsa. Mai ya sauko daga baya, amma kuɗin akwati bai sauko ba. Shi kansa Southwest, wanda ya yi shekaru fiye da 50 yana alfahari da ɗaukar akwati kyauta, a watan Mayu na 2025 ya sa dala 35 a kan na farko, dala 45 a kan na biyu.

Ba duk tsadar nan ce haɗama ba. Annobar korona ta 2020 ta bar kamfanoni da bashi, yaƙin Rasha da Yukiren a 2022 ya ɗaga kuɗin mai, albashin matuƙa ya hau, a 2023 kuma aka gano aibi a injunan Pratt & Whitney har aka ajiye jirage da yawa don bincike. A Nijeriya ma, cikin watan Mayu na 2022 ƙungiyar kamfanonin jiragen cikin gida ta yi barazanar dakatar da tashi, tana cewa litar man jirgi ta tashi daga naira 190 zuwa naira 700. Shi Spirit da aka ambata sau biyu ya nemi kotu ta kare shi daga masu binsa bashi, a 2024 da 2025. Saboda haka tsada kanta ba hujjar zalunci ba ce. An roƙi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yanke wa kaya farashi a Madina lokacin da suka yi tsada, ya ƙi, kamar yadda Anas ɗan Malik ya ruwaito. Mai jirgi yana da ikon ya sayar da kujera yau da araha gobe da tsada, kamar yadda kuɗin mota yake hawa ranar jajibere.

A fiƙihu sayen tikiti ba sayen kaya ba ne, sayen amfani ne. Malikawa sun saba kiran hayar aikin ɗan Adam ijara, hayar dabba da gida da jirgin ruwa kuwa su kira shi kira'i, abin da Bahaushe yake cewa haya ko sufuri. Sharaɗinsa kamar na ciniki ne: a san lada, a san amfanin da za a samu, a kuma yi da yardar juna, kamar yadda aya ta 29 ta Suratun Nisa'i ta shar'anta. Da wannan ma'auni, raba kuɗin mutum da kuɗin kayansa halal ne. Mai raƙumi a zamanin ayari ba ya karɓar lada ɗaya daga wanda ya zo da sandarsa kaɗai da wanda ya zo da mangala biyu, har yanzu kuma a tasha ana biyan kuɗin buhu dabam. Hasali ma akwai adalci a ciki, don mai tafiya da 'yar jakarsa ba ya biya wa mai lodi. Haka kuɗin abinci da kuɗin zaɓen kujerar gaba, duk amfani ne sananne a kan lada sananne.

Ɓarnar tana shigowa ne ta wajen ɓoyewa. Imam Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira cewa an hana cinikin garari, watau wanda ba a san ƙarshensa ba. Ya kuma ruwaito labarin mai sayar da abinci wanda Annabi ya cusa hannu cikin tsibinsa ya ji danshi a ƙasa, ya tambaye shi don me bai sa jiƙaƙƙen a sama mutane su gani ba, ya kuma bayyana cewa mai algus ba ya tare da shi. A lura, ba a zargi mutumin nan don abincinsa ya jiƙe ba, ruwan sama ne ya taɓa shi. An zarge shi ne don ya sa busasshe a sama. Tallar da ke nuna farashin da kusan babu mai iya tafiya da shi, sai an bi shafi bayan shafi ana ƙari har mutum ya gaji ya biya, ita ce busasshen saman tsibi. In an nuna wa mai saye jimla kafin ya biya, cinikin ya ƙullu a zahiri, tun da lada ya zama sananne lokacin ƙullawa. Amma ingancin ciniki dabam, kuɓuta daga zunubin yaudara dabam. In kuwa an cusa masa abin da bai nema ba, kamar inshora da aka riga aka zaɓa masa sai in ya lura ya cire, to wannan kuɗi ba da yardarsa aka karɓa ba, wajibi ne a mayar masa. Turawa ma sun gane haka, don dokar Tarayyar Turai ta 2008 ta tilasta a nuna cikakken farashi tun farko, ta kuma hana a zaɓa wa fasinja ƙari sai shi ya zaɓa da hannunsa.

Mafi muni shi ne abin da ake karɓa a bakin ƙofar jirgi. A nan matafiyi ba shi da zaɓi. Ya riga ya biya tikiti, ya biya masauki a can, jirgi na shirin tashi, sai a ce jakarsa ta fi awo da ɗan yatsa, ya biya ninkin abin da zai biya tun a gida ko a bar shi. A 2023 jaridun Ingila sun ba da labarin wasu tsofaffi, miji da mata, da Ryanair ya karɓi fam 110 a hannunsu don buga musu takardar shiga jirgi, saboda sun yi kuskure wajen fitar da ita ta intanet. Takarda biyu ke nan. Ba wanda zai ce wannan ladan aiki ne, tara ce aka sa mata sunan lada. Malamai sun karhanta cinikin wanda lalura ta matsa a kan farashin da ya wuce kima, wasu ma sun hana. A watan Nuwamba na 2024 wani kwamitin Majalisar Dattawan Amurka ya fitar da rahoto cewa kamfanonin Frontier da Spirit sun biya ma'aikata dala miliyan 26 a 2022 da 2023 a matsayin lada don kama jakunkunan fasinja, Frontier yana ba da har dala 10 a kan kowace jaka. A nan akwai illa ta biyu. Wanda ke riƙe da ma'auni amintacce ne tsakanin mutum biyu, in aka ba shi kaso daga tarar, an mai da shi alƙali kuma mai ƙara. Farkon Suratul Muɗaffifina ya yi narko ga masu cika mudu in su za su karɓa, su tauye in su za su bayar, kuma babu bambanci ko mudun na gero ne ko na ƙarfen da ake cusa jaka a ciki. A cikin wannan wata dai gwamnatin Sifaniya ta ci kamfanoni biyar tarar yuro miliyan 179 a kan irin waɗannan kuɗaɗe, Ryanair kaɗai kusan miliyan 108, ko da yake kamfanonin sun kai ƙara kotu.

Sai mas'alar wanda ya makara, ko ya fasa tafiya, aka ce kuɗinsa sun tafi. Mutane da yawa suna ɗauka wannan haram ne kai tsaye, alhali maganar tana da faɗi. Imam Buhari ya kawo a babin sharuɗɗa, daga Ibn Sirin, cewa wani mutum ya ce wa mai sufuri ya shirya dabbobinsa, in bai tafi tare da shi rana kaza ba zai ba shi dirhami 100. Ranar ta zo bai fita ba. Aka kai magana gaban alƙali Shuraihu, ya hukunta cewa wanda ya ɗora wa kansa sharaɗi da son ransa, ba tilasta shi aka yi ba, to sharaɗin ya hau kansa. Dalili a fili yake: mai dabbobi ya tsare su dominsa, ya hana wa wani. Haka kujerar jirgi, in ta tashi babu kowa a kanta ba a iya sayar da ita gobe. Gaskiya ne Imam Malik a Muwaɗɗa ya hana kafin alƙalamin da ake cinyewa in an fasa, har ya ba da misali da hayar dabba, amma Imam Ahmad ya halatta, kuma Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta ɗauki halaccin a zamanta na Burunai a 1993, da sharaɗin a ƙayyade lokacin jira. Bugu da ƙari, ko a mazhabar Malik, wanda ya yi haya aka miƙa masa abin hayar ya ƙi amfani da shi har lokaci ya wuce, lada ya wajaba a kansa. Saboda haka wanda ya sayi tikitin da aka faɗa masa ƙarara ba a mayar da kuɗinsa, aka kuma yi masa rangwame saboda wannan, ba a zalunce shi ba in ya makara. Sai dai harajin fili da na gwamnati waɗanda ba a biya sai fasinja ya tashi, waɗannan ba na kamfani ba ne, riƙe su cin amana ne.

To amma wanda ya kafa hujja da hukuncin Shuraihu dole ya karɓi ɗaya gefen littafin. Ibn Abi Zaidin Alƙairawani, wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan Hijira, ya faɗa a Risala cewa mai jirgin ruwa ba shi da lada sai ya isar. Ya kuma bambanta haya iri biyu. In dabba ayyananniya aka yi haya ta mutu a hanya, hayar ta warware a sauran tafiyar. In kuwa hayar lamuni ce, watau mai sufuri ya ɗauki nauyin kai mutum gari kaza ba tare da ayyana dabba ba, to in ta mutu wajibi ne ya kawo wata. Tikitin jirgi hayar lamuni ce ba shakka, don ba wanda ke sayen tikiti a kan jirgi mai lamba kaza. Ke nan in jirgi ya lalace, kamfani ba zai ce ƙaddara ce ya naɗe hannu ba. Ko ya kawo wani, ko ya sa fasinja a jirgin wani kamfani da kuɗinsa, ko ya mayar da lada in fasinja ya zaɓi haka. Haka nan kamfanin da ya sayar da tikiti fiye da kujerunsa, yana fatan wasu ba za su zo ba, sai kowa ya zo. Caca ya yi da alkawarin mutane, asarar kuwa tasa ce, ba ta wanda aka bari a fili da jakarsa ba.

Mayarwar kuma da kuɗi ne, ba da takardar alkawarin wata tafiya ba. A 2020 kamfanoni da yawa sun soke tafiye-tafiye suka riƙa tura wa mutane irin wannan takarda. In mai haƙƙi ya yarda babu laifi, amma ba a tilasta shi, don daga lokacin da haya ta warware kuɗin sun zama bashi a wuyan kamfani, hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito kuwa ya kira jinkirin mawadaci wajen biyan bashi zalunci. Wata uku ana cewa mutum ya sake aiko da saƙo, wannan shi ne jinkirin da ake nufi.

Wasu masu tsantseni suna tambaya ko ya halatta a karɓi diyyar da doka ta yanka, suna tsoron riba. Dokar Tarayyar Turai mai lamba 261 ta 2004 ta sa diyyar yuro 250 ko 400 ko 600, gwargwadon nisan tafiya, ga wanda aka hana shi kujerarsa ko aka soke jirginsa a ƙurarren lokaci, kotun Tarayyar kuma a 2009 ta haɗa da wanda aka makarar da shi awa uku ko fiye. Karɓar wannan halal ne. Riba ƙari ce a kan bashin kuɗi saboda jinkiri, wannan kuwa diyya ce a kan aikin da ba a cika ba, kuma kamfani ya shiga sana'ar yana sane da ita, ta zama cikin sharuɗɗan tikiti. Majalisar Fiƙihu a zamanta na Riyad a 2000 ta halatta sharaɗin tara a kan ayyuka irin wannan, ban da bashi, ta kuma ɗauke shi in abin da ya hana cikawa ya fi ƙarfin mai alkawari. Dokar Turai ma ta ɗauke diyyar in guguwa ce ko makamancinta. Abin da ba ya halatta shi ne fasinja ya ƙirƙiri rasit na masauki ko abincin da bai saya ba.

Hujjar kamfanoni kullum ita ce, ai ya danna ya yarda. Lalle an ruwaito cewa Musulmi suna kan sharuɗɗansu, kuma Suratul Ma'ida ta buɗe da umurnin cika alkawura. Amma Shuraihu ya ɗaure hukuncinsa da son rai, kuma mutumin da ya yi wa hukunci shi ya furta sharaɗin da bakinsa. Sharuɗɗan tikiti kuwa shafuka ne masu yawa da ƙananan baƙaƙe, cikin harshen da Bahaushe mai zuwa Umra sau da yawa ba ya ji, ɓangare ɗaya ya rubuta su, ɗayan ba shi da ikon sauya ko wasali. Majalisar Fiƙihu ta duba irin wannan ƙulli a zamanta na Doha a 2003. Ba ta ɓata shi ba, amma ta ce wajibi ne hukuma ta duba sharuɗɗan, in akwai na zalunci a cikin abin da jama'a ba su iya rabuwa da shi ta gyara ko ta soke. Wannan shi ne aikin muhtasibi a kasuwannin Musulmi na da, a yau kuwa ya faɗa kan hukumomin kula da sufurin sama, irin su NCAA a Nijeriya, wadda take da sashen karɓar koken fasinja. Wanda aka zalunta ya kai ƙara can bai saɓa wa haƙuri ba, kuma shirun da kowa ke yi yana cewa ya bar wa Allah shi ke sa a maimaita wa na baya.

Shi ma matafiyi akwai nasa. Hausawa sun ce kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Kafin ya biya sai ya haɗa lissafi duka, tikiti da akwati da kujera da abinci da kuɗin mota daga fili zuwa gari, don filin Bobe da ake sayarwa da sunan Faris yana da nisan wajen kilomita 85 daga birnin, na Han kuwa wajen kilomita 120 daga Furankfot. In bai iya karatun sharuɗɗan ba ya nemi mai karanta masa, wakilin da ya saya masa tikiti kuma amana ce a wuyansa ya faɗa masa kilo nawa aka yarda masa, da ko ruwan Zamzam yana cikin lissafi ko ba ya ciki. In ya sayi tikiti biyu dabam-dabam don ya sauya jirgi a hanya, ya sani haya biyu ya ƙulla, na biyu ba ya ɗaukar laifin na farko in ya makarar da shi. Sa'an nan zaluncin kamfani ba ya halatta masa nasa. Danna wa mai awo wani abu a hannu don ya kau da kai daga kilo biyar rashawa ce, tallafe akwati da ƙafa a kan sikeli kuwa tauye mudu ne, balle nauyin jirgi lissafi ne da rayukan mutane ke rataye da shi. Zagin yarinyar da ke kan teburin tikiti ma ba ya cikin neman haƙƙi, ba ita ta rubuta dokar ba.

Akwai kuma wanda ke tafiya da matarsa, ko ƙaramin yaro, ko tsohuwar da ba ta iya ɗaura ɗamarar kujera da kanta, kamfani ya warwatsa su cikin jirgi sai an biya a haɗa su. Karɓar kuɗi don a zaunar da yaro ko mai rauni kusa da mai kula da shi yana cikin abubuwan da Sifaniya ta ci tara a kansu, kuma a shari'a ma ba shi da fuska, don wannan lalura ce, ba jin daɗin kujerar gaba ba. Amma in babu makawa sai an biya, mai biya ba shi da laifi, nauyin yana kan mai karɓa. Ya biya ya zauna kusa da iyalinsa, ya riƙe rasit, in ya sauka ya nemi kuɗinsa. Allah ne Mafi sani.